Sakamakon Jarrabawar da Ban Zauna Ba

Ni ce 'yar fari a gidanmu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin Umma ta kira sunana ba. Idan muna mu kaɗai "ke" ce ni, idan da baƙi in koma "yarinyar nan". A Kano ba wanda ya ɗauki wannan abin magana, kowa ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta yabe shi. Ƙannena biyu kuwa sai ka ji ana rangaɗa musu suna har da lanƙwasa murya. Abin bai dame ni ba, don na lura tsokar da ta fi girma a tukunya kullum a kwanona take faɗawa.

Ina 'yar shekara goma sha uku Abba ya samu aiki a wani gidan rediyo a Washington, muka tattaro muka biyo shi. Muka kama haya a Landover, hawa na uku, ɗaki biyu da falo. Ƙasanmu 'yan Gana ne, gefenmu wata tsohuwa 'yar Saliyo da ba ta gajiya da soya kifi. Aka kai ni makarantar unguwa. Suna jin yadda nake furta Turanci suka tura ni ajin masu koyon yare, ni da na baro Kano ina ta ɗaya a ajinmu. Ranar da na dawo da aikin gida na shafa wa taswira kala, Umma ta juya takardar gaba da baya tana neman inda tambayar take. Ba ta samu ba. Ta je makarantar ta yi bayani, suka yi mata murmushin nan nasu da bai wuce haƙori ba, suka ce a ba ni lokaci. Ta dawo ta sha mur, ta ce wa Abba ba ta ƙetaro teku don a mayar mata da yarinya firamare ba.

Umma malamar kemistiri ce, ta daɗe tana koyarwa a sakandaren 'yan mata kafin mu taso. A nan takardunta ba su ba ta damar shiga aji ba, amma doka ta yarda uwa ta koyar da ɗanta a gida, muddin za ta riƙa kai aikinsa ofishin ilimi a duba. Shi ke nan teburin cin abincinmu ya zama makaranta. Da an kwashe kofunan shayi sai littattafai su hau. Ba mu da ɗakin gwaji, sai kicin. Da zoɓo ta fara nuna mini bambancin sinadari mai tsami da kishiyarsa: ta matsa lemon tsami ya yi ja wur, ta jefa kanwa ya rine ya yi duhu. Abba ya shigo yana neman abin sha ya tarar an ɓata masa zoɓo, ya ce wannan makaranta tana cin kayan miya da yawa.

Wajen ba da maki kuwa, Allah ya jiƙan malaman da suka koyar da ita, sun bar mana gado. Umma ba ta ba da maki, sai dai ka ƙwata. In ka ci komai daidai, za ta rage don rubutunka ya karkace. In rubutun ya miƙe, za ta rage don ka daɗe. Ban taɓa haura saba'in a hannunta ba, kuma ranar da na samu saba'in ɗin sai da na shiga banɗaki na taka rawa. A ƙasan takarda kullum abu ɗaya take rubutawa da jan biro, a ƙara himma. Na taɓa tambayarta ina himmar za ta shiga tunda babu kuskure ko ɗaya. Ta ce yabo yana kumbura kan yaro, kuma bakin mutane ba abin wasa ba ne, in na ga dama in je in kai ta ƙara.

Burina likitanci ne, ba na Umma ba, nawa ne na kaina. Amma takardun zaman Abba na wucin gadi ne, don haka tallafin karatun ƙasar nan ba da ni aka yi shi ba. Sai Umma ta ɗora ni a kan manhajar Ingila, wadda ta sani kamar tafin hannunta. Akwai jarrabawarsu da ake zaunawa a ko'ina a duniya, kuma wanda ba ɗan wata makaranta ba yana iya yin rajista da kansa, a ba shi kujera a wata cibiya ranar jarrabawa. Muka yi rajista. Na nemi gurbi a wata jami'a a can Ingila, suka yi hira da ni, suka ɗauke ni, wata gidauniya kuma ta amince za ta ɗauki nauyina. Sharaɗi ɗaya ne: in fito da A a kemistiri da bayoloji da lissafi. Kuma tallafin na wannan shekarar ne kaɗai, sun rubuta haka ƙarara.

Ban ji tsoron sharaɗin ba, wallahi ko kaɗan. Tsofaffin tambayoyin jarrabawar nan na yi su har na fara gane halin masu fitar da su. Ina da ƙawa a Fort Washington, 'yar wata Hajiya da Umma ta sani tun gida, babanta likita ne, tana wata makarantar kuɗi da ke yin irin wannan jarrabawa. Duk Asabar sai ta kira ni a waya in warware mata abin da ya shige mata duhu. Yarinya ce mai kirki, kanta kuma yana ja daidai gwargwado, amma lissafin sinadarai sai na maimaita mata har bakina ya bushe. Ita da bakinta take cewa in ban ci A ba to ba wanda zai ci.

Sai annoba ta zo. Aka rufe makarantu, aka rufe masallatai, jirgin ƙasa yana wucewa ba kowa a ciki. Muna zaune aka sanar an soke jarrabawa a bana. Maimakon haka malamai za su kintaci abin da kowane ɗalibi zai ci da an zauna, a ba shi wannan a matsayin sakamakonsa. Ƙawata ta kira ni tana murna, ta ce Allah ya raba ta da kemistiri lafiya. Ni kuwa na kalli Umma, Umma ta kalle ni. Ta ce ai ita ce malamata, ita za ta rubuta. Da muka bincika aka ce a'a, uwa ba ta kintata wa ɗanta, sai wata makaranta ta yarda ta tsaya masa. A lokacin ban ga laifinsu ba, na ce gaskiya ne, kowace uwa ɗanta ne gwani.

Muka shiga buga waya. Cibiyar da muka yi rajista ta ce kujera kawai ta yi alkawari, ba ta san ni ba. Wata makarantar ta ce ɗalibanta ma sun ishe ta. Wata ko amsawa ba ta yi ba. Da ƙyar da jiɓin goshi muka samu wata da ta yarda. Shugabar sashen kimiyyarsu za ta duba ayyukan da na yi, ta yi mini ɗan gwaji ta bidiyo, sannan ta gana da wanda ya koyar da ni.

Da muka zo ɗaukar hoton takarduna don a tura, Abba ya tsaya yana kallon makin da ke kansu, sittin da biyu, hamsin da tara, sittin da takwas. Ya ce anya ba za a tura su ba tare da makin ba, ko Umma ta sake dubawa da ma'aunin masu jarrabawar. Umma ta ce ita ba ta taɓa canza maki a rayuwarta ba, ko da 'yar kwamishina ta faɗi a ajinta ba ta canza ba, ba za ta fara ha'inci a kan 'yar cikinta ba. Ta ce malami in malami ne, amsa yake karantawa. Abba ya ɗaga kafaɗa ya ce Allah ya sa. Gwajin bidiyon kuwa na yi shi ba gargada, sai dai matar ta faɗa mini tun kafin mu fara cewa ba zai yi nauyi sosai ba, tunda a gida nake kuma ba mai sa ido.

Ranar ganawa Abba yana wurin aiki. Umma ta yafa mayafinta mai kyau kamar za ta biki, ta zauna gaban kwamfuta a miƙe. Ni ina gefe inda kyamara ba ta kamo ni. Matar farar fata ce, dattijuwa, mai fara'a, da tabarau a kan hanci. Ta tambayi manhaja, Umma ta zayyano mata babi-babi. Ta tambayi yadda muke gwaje-gwaje, Umma ta ba ta labarin zoɓo, har ta yi dariya ta ce za ta gwada da ɗalibanta. Na ce a raina an gama, sun fahimci juna, malama da malama.

Sai matar ta gyara tabarau ta ce, a ganin Umma, ni ɗalibar A ce?

Umma ta ɗan waigo ta gan ni, ta sunkuyar da kai tana gyara bakin mayafi.

"Tana dai ƙoƙari," ta ce. "Amma da sauranta. Yarinya ce, akwai wasa."

Matar ta sake ba ta dama, Allah ya sani ta ba ta. Ta ce to idan aka kwatanta da ɗaliban da ta koyar a Nijeriya fa, a ina za ta ajiye ni? Na miƙa hannu ta ƙarƙashin tebur na taɓa gwiwarta. Ta ture hannun.

"Na koyar da waɗanda suka fi ta."

Matar ta gyaɗa kai, ta yi rubutu, ta ce ta ji daɗin wannan gaskiya, ba kasafai take samun iyaye masu faɗar gaskiya haka ba. Suka yi sallama cikin mutunci.

Ban taɓa ɗaga wa Umma murya ba sai ranar. Na ce ta kashe ni, na ce ta ɗauki shekarun da muka yi a teburin nan ta zuba a shara, na faɗi har abin da ba zan maimaita ba. Ba ta yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Mamaki ma take yi. Ta ce wace irin uwa ce za ta zauna gaban baƙuwa, 'yarta ta fari tana ji, ta ce 'yata ta fi kowa? Ta ce duk mai hankali in ya ji uwa ta ce ɗan farinta yana ƙoƙari, ya san an kai ƙarshen yabo. Kuma gaskiyarta ne, da a Kano ne. Da wata malamar can ce ta ji wannan amsa, murmushi za ta yi ta rubuta A ta ƙara da addu'a. Na ce Umma, nan ba Kano ba ne, nan yaro in ya ɗaure igiyar takalminsa sai an tafa masa an kira shi gwarzo. Ta ce in tashi in ɗora shinkafa.

Sakamako ya fito ƙarshen bazara. B a lissafi, B a bayoloji, C a kemistiri. C, a kemistiri, darasin da na sha tun daga kofin zoɓo. Na zauna ina kallon harafin nan har ya daina kama da harafi. Ban gama dawowa hayyacina ba wayar Umma ta yi ƙara, Hajiyar Fort Washington ce, tana guɗa tana hamdala, 'yarta ta share A uku. Ta tambayi ya tamu. Umma ta ce alhamdu lillahi, muna nan muna dubawa.

Ba na baƙin ciki da ƙawata, Allah shi ne shaida. Amma ina da ido. Malaminta ya san fuskarta, ya san babanta, ya ci kek ɗin da uwarta ta aika ranar bikin makaranta, kuma in ɗalibansa suka ci da kyau sunan makarantarsa ne ya tashi. Tun shigarta yake rubuta mata "madalla" da "abin alfahari" a kan aikin da ni na warware mata a waya. Da aka ce ya kintata, sai ya kintata sama, kuma ba wanda ya kira wannan son kai, sunansa ƙwarewar malami. Ni kuwa wadda ta yanke mini hukunci ba ta taɓa ganina a tsaye ba. Abin da ke gabanta makin macen da ba ta ba da maki ne, da maganar macen da ba ta yabo. Ba abin da na sani aka auna ba, yadda uwata take magana aka auna. Kuma har yau in na ji wani yana cewa an yi iya ƙoƙari a wancan lokaci don a yi wa kowa adalci, sai in ji kamar in watsa masa ruwan zafi.

Umma ta yi kwanaki ba ta cin abincin kirki. Sannan da kanta, ba wanda ya sa ta, ta nemi a sake haɗa ta da matar. Da lokacin ya yi ta ce in shiga kicin in rufe ƙofa. Na shiga, amma bangon gidan haya ne, ko tari aka yi a falo sai ka ji.

Na ji ta yi gyaran murya. Sai na ji sunana. Cikakke, da na Abba a haɗe, a bakin Umma. Na matsa jikin ƙofar na kasa kunne. Ta yi wa matar bayanin kunyar ɗan fari da Turancinta na aji, a hankali, tana neman kalmomi. Ta yi bayanin yadda take rage maki da gangan, ta ce a ɗauko kowace takarda a sake dubawa a gani. Sannan ta ce:

"Abin da na faɗa miki ba haka ba ne. Na koyar da 'yan mata masu yawa, ban taɓa samun kamarta ba. Ko kusa."

Matar ta saurare ta har ƙarshe, ba ta katse ta ba. Sannan ta yi magana da wannan tattausar muryar da nake ji har cikin barcina. Ta ce ita ma uwa ce, ta san yadda abin yake da zafi. Ta ce al'adar tana da ban sha'awa ƙwarai. Amma ƙa'ida ba ta yarda a karɓi yabon iyaye a matsayin hujja ba, don ɗabi'a ce uwa ta fifita ɗanta, musamman bayan sakamako ya fito bai yi daɗi ba.

Can Umma ta ce:

"To da na rage ta, ai uwarta ce ni a ranar ma. Me ya sa kika karɓa?"

Matar ta ce wancan ya yi daidai da makin da ke kan takardu. Ta ƙara da cewa kada mu damu, za a yi jarrabawa ta gaske da kaka ga duk wanda bai gamsu ba, ƙofa a buɗe take. Ta yi mana fatan alheri.

Da na fito Umma tana zaune gaban kwamfutar da ta riga ta mutu, mayafin ya zame mata har kafaɗa. Ba ta kalle ni ba, ni ma ban iya kallonta ba. Kunya ce ta kama mu duka biyu, kamar na shigo na same ta ba sutura. Na so in rungume ta, na so kuma in tambaye ta me ya hana ta faɗi haka tun ranar da yake da amfani. Ban yi ko ɗaya ba, na kwashe kofuna na koma kicin.

Na rubuta wa jami'ar na roƙe su su jira kaka. Suka ce ba za su iya riƙe gurbi ba, akwai masu jira a layi da suka cika sharaɗi. Gidauniyar ta ce ta tausaya, tallafin ya koma kan wani. Duk da haka na zauna jarrabawar, don taurin kai da baƙin ciki. Na hau jirgin ƙasa daga Landover da takunkumi a fuska, na shiga wani zaure mai sanyi, na zauna da 'yan tsirarun yara irina, kowa nesa da kowa. A uku na ci. Na tura wa matar sakamakon ba tare da na rubuta komai ba. Ta amsa da fara'arta, ta ce ta taya ni murna, wannan ya nuna tsarin yana aiki.

Na sake nema a shekarar da ta biyo. Gurbi ya samu, mai ɗaukar nauyi ne babu, kuma albashin gidan rediyo ba ya kai yaro karatun likita a Ingila. Na yi wani gajeren kwas a kwalejin unguwa. Yanzu ina aiki a wani ɗakin gwaji a Hyattsville, ina ɗibar jinin mutane ina manna wa kwalabe suna. An ce hannuna ba zafi, tsofaffi har layina suke nema. Ƙawata ita ta samu likitancin, tana can tana zagaya marasa lafiya da farar riga, takan turo mini hoto, nakan sa mata albarka, kuma da zuciya ɗaya nake sawa, yawancin lokaci.

Umma ba ta sake koyar da kowa ba. Da makarantu suka buɗe ta kai ƙannena makarantar unguwar nan da ta cire ni, ta miƙa su. Idan an kira taron iyaye da malamai ni nake kai ta a mota kafin in wuce aiki. Ina zaune a gefe nake jin ta tana gaya wa malamai cewa ɗanta haziƙi ne, 'yarta ba ta da na biyu, tana fitar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya, fuska a ɗaure, kamar mai haɗiyar maɗaci. Malaman suna murmushi suna rubutawa. In mun fito mun shiga mota takan jira har sai na ɗaura bel, sannan ta tambaye ni, ba tare da ta juyo ba, ko ta faɗa daidai.

Nakan ce ta faɗa daidai. In sauke ta a ƙofar gida, in juya mota in tafi ɗibar jini.